Mabuɗin Finafinan Zullumi: Tarihin Rabon Sani Tsakanin Mai Kallo da Taurari

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da sanin muhimmancin mabuɗi. Idan tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa mata, to an ƙulla yarjejeniya ke nan a tsakaninsu, cewa daga nan har zuwa ƙurunƙus kura za ta yi magana, gizo zai yi aure, kuma ba mai cewa ƙarya ce. Haka nan basmala da salati a farkon rubutacciyar waƙa, su ne suke shaida wa mai sauraro irin zauren da ya shigo. Abin mamaki shi ne, da zarar ɗalibinmu ya juya ga nazarin fim sai ya yi watsi da wannan sani. Ya taƙaita labari, ya fito da jigo, ya lissafa taurari, shi ke nan. Ba ya tambayar inda aka girke kyamara, ko abin da aka nuna masa kafin kowa ya buɗe baki, balle abin da aka ɓoye masa da gangan.

Wannan maƙala za ta bi diddigin mabuɗi a nau'in fim guda ɗaya, wanda masu harshen Ingilishi suke kira tirila, mu kuwa a nan za mu kira shi fim ɗin zullumi. An zaɓi kalmar zullumi ne a kan razana saboda kowace da muhallinta. Razana ta ɗan lokaci ce, kamar ta wanda ya taka maciji cikin duhu. Zullumi kuwa halin mutumin da ya san macijin yana cikin ɗaki, ya ga yaro yana rarrafe zuwa inda yake, amma ba shi da ikon yin magana. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa babban aikin mabuɗi a irin wannan fim shi ne rabon sani, watau tantance wa ya san me tsakanin mai kallo da mutanen da suke cikin labarin. Tarihin mabuɗin kuma tarihi ne na yadda daraktocin Turai da Amurka suka yi ta sauya wa mai kallo mazauni, daga shaida zuwa mai sauraren amsa laifi, daga nan zuwa mai leƙe, har aka kai shi ga zama abokin aikata laifin.

2.0 Zuwan Sauti

A zamanin fim marar magana ma ba a rasa yunƙuri ba. A 1927 Alfred Hitchcock, yana saurayi a Ingila, ya buɗe The Lodger da fuskar wata mace ta cika allo, baki a wangale tana kururuwa. Ba a jin kururuwar, ido ne yake ji a madadin kunne. A wannan shekarar ce kuma aka fito da The Jazz Singer a Amurka, sauti ya shigo, amma da yawa daga cikin finafinan farko masu magana sai suka koma kamar wasan daɓe da aka ɗauka da kyamara, mutane a tsaye kusa da makirufo suna ta zuba.

Daga cikin waɗanda suka fara gane abin da sauti zai yi wa zullumi akwai Fritz Lang na Jamus, a fim ɗinsa mai suna M na 1931, wanda shi ne na farko da ya yi da sauti. Ya kamata a tsaya a kan mabuɗin wannan fim, domin kusan duk abin da ya zo baya yana da jijiya a cikinsa.

Allo yana baƙi tukuna sai a ji muryar yarinya tana waƙar zaɓe, irin wadda yara suke yi don fitar da mutum ɗaya daga da'ira. Da hoto ya bayyana, kyamara tana sama ne tana kallon yaran a tsakar gidan haya, kuma waƙar tasu a kan wani mai kashe yara ce. Wata mata ɗauke da kwandon wanki ta tsawata musu. Maƙwabciyarta, uwar wata yarinya mai suna Elsie, ta ce a ƙyale su, muddin ana jin muryarsu ai an san suna nan. Agogo ya buga sha biyu, uwa tana haɗa abinci, Elsie ta taso daga makaranta tana wasa da ƙwallo. Ta tsaya tana buga ƙwallon a jikin wata takardar sanarwa da aka manna, mai ɗauke da alkawarin ladan mak 10,000 ga wanda ya tona asirin mai kisan. Sai inuwar wani mutum mai malafa ta faɗo a kan takardar, murya ta yaba ƙwallon, ta tambayi yarinya sunanta. Ba a nuna fuskarsa ba. Ya saya mata balan-balan a wurin wani makaho, yana feɗuwar wani kiɗa na Edvard Grieg. Daga nan sai a koma ga uwa, tana duba agogo, tana leƙa matakalar bene, tana ƙwala kiran sunan 'yarta. Kiran yana tafiya, hoto yana sauyawa: matakala ba kowa, ɗakin shanya na saman bene ba kowa, faranti da cokali a kan tebur ba mai ci. Sa'an nan kiran ya yanke. Ƙwallo ya gangaro daga cikin ciyayi ya tsaya, balan-balan ya maƙale a wayoyin tangaraho, iska ta kwashe shi.

Duk wannan bai kai minti goma ba, kuma ba a zubar da ɗigon jini ba. A lura da yadda Lang ya fara ba mai kallo ma'auni da bakin uwar, cewa murya ita ce alamar rai, sa'an nan ya ɗauke muryar. Shirun da ya biyo baya shi ne sanarwar mutuwa. A lura kuma da rabon sanin: mai kallo ya karanta takarda, yarinya ba ta karanta ba, ya ga inuwa, uwa ba ta gani ba. An mai da shi shaidar da ta fi kowa sani amma ba ta da baki. Feɗuwar ma ajiya ce aka yi, domin can gaba makahon nan ne zai ji ta ya gane mai kisan, a birnin da 'yan sanda masu ido suka kasa. Daga wannan mabuɗi ne nau'in ya gaji al'adar farawa da rayuwar yau da kullum kafin haɗari ya kutso, da al'adar gabatar da alamar mugu kafin fuskarsa. A ganina har yau ba a yi mabuɗin da ya fi shi ba, kuma dalilin shi ne ya bar wa zuciyar mai kallo aikin da ya fi muni.

3.0 Farawa da Ƙarshe

Bayan hawan 'yan Nazi mulki a 1933, Lang da Billy Wilder da wasu da dama sun bar Jamus, daga bisani suka tare a Holiwud. Can suka tarar da wani takunkumin daban. Kamfanonin fim sun tsara wa kansu ƙa'idojin tacewa a 1930, waɗanda aka fi sani da sunan Will Hays, aka kuma fara tsananta aiki da su a 1934. Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa kada a bayyana dabarun aikata laifi filla-filla, kuma kada mai laifi ya ci bulus. To, idan kowa ya san cewa mai kisa zai gamu da sakamakonsa, ina sauran zullumi?

Amsar da Wilder ya bayar a Double Indemnity na 1944 ita ce a ɗauko ƙarshen a sa shi a gaba. Mota tana gudu cikin dare a Los Angeles, ta keta jar fitila, wani dillalin inshora ya fito da rauni a kafaɗa, ya hau ofis, ya zauna gaban na'urar ɗaukar magana ya amsa cewa shi ya yi kisan, don kuɗi da mace, kuma bai sami ko ɗaya ba. Sauran fim ɗin waiwaye ne. Tambayar da take riƙe mai kallo ta tashi daga wa ya yi, ta koma ta yaya mutum mai hankali ya kai kansa nan. Ba za a ce takunkumin ne kaɗai ya haifar da wannan salo ba, domin littafin James M. Cain da aka ɗauko labarin daga ciki shi ma da bakin mai laifin aka rubuta shi. Sai dai takunkumin ya sa salon ya yi kasuwa.

Wilder ya ƙara gaba a Sunset Boulevard na 1950, inda gawa ce a cikin tafkin wanka take ba da labarin kanta. Akwai darasi a tarihin wannan mabuɗi. Wanda aka fara ɗauka a ɗakin ajiye gawa ne, matattu suna hira kan yadda kowa ya mutu. Da aka gwada shi a gaban 'yan kallo sai suka kwashe da dariya, dole aka yar da shi. Fitowa guda ce ta ɓata yarjejeniyar, domin mutane sun zaci fim ɗin barkwanci suka shigo. Sabon mabuɗin, wanda aka ɗauka ta hanyar shimfiɗa madubi a ƙasan tafkin don a ga gawar daga ƙasa da 'yan sanda a kanta, ra'ayinsa ɗaya ne da na farko, launinsa ne ya bambanta.

4.0 Bam a Ƙarƙashin Tebur

Hitchcock ya koma Amurka a 1939, kuma shi ne ya fi kowa fayyace ƙa'idar. A hirar da ya yi da François Truffaut a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966, ya kawo misalin mutane biyu da suke hira a bakin tebur. Idan bam ya tashi ba zato, 'yan kallo za su razana na 'yan daƙiƙoƙi. Idan kuwa an nuna musu lokacin da aka dasa shi da lokacin da zai tashi, ga kuma agogo a bango, to hirar banza za ta riƙe su na mintoci masu yawa. Watau sanar da mai kallo ya fi ɓoye masa riba.

A nasa mabuɗan ya fi son hoto ya yi magana. Strangers on a Train na 1951 ya fara da ƙafafu: takalmi mai launi biyu na ɗan gaye, da wani takalmin na mai kamun kai, kowa ya nufi jirgin ƙasa, layukan dogo suna sarƙewa, har ƙafa ta taɓa ƙafa kafin a ga fuska. A Rear Window na 1954 kuwa kyamara ta zagaya tagogin maƙwabta, ta dawo kan goshi mai gumi, ma'aunin zafi, ƙafa a cikin ɗori, fasasshiyar kyamarar hoto, da hoton motar tsere tana kifewa. Kafin tauraron ya ce uffan an san sana'arsa, an san abin da ya karya shi, an kuma riga an sa mai kallo leƙen gidajen mutane, wanda shi ne laifin da fim ɗin yake tuhumar tauraron da shi.

Amma wanda ya ɗauki misalin bam ya mai da shi mabuɗi a zahiri shi ne Orson Welles, a Touch of Evil na 1958, shekaru huɗu kafin waccan hira. Hoton farko hannu ne yana murɗa agogon bam. Aka jefa shi a but ɗin wata mota, mai motar da budurwarsa suka shiga, kyamara ta tashi sama bisa ƙugiya, ta tsallake rufin gini, ta sauko ta bi motar cikin wani garin kan iyakar Meziko da Amurka. Motar tana tsayawa, tana wucewa, ɗan sandan hanya ya tare ta, garken awaki ya gitta. Sai kyamara ta bar ta ta kama wasu ango da amarya da suke tafiya a ƙasa, motar tana matsowa kusa da su tana nisa. A shingen kan iyaka duk suka haɗu, budurwar cikin mota tana ƙorafin tana jin wani ƙas-ƙas a kanta, ba wanda ya kula. Motar ta wuce, ango ya sumbaci amarya, bam ya tashi. A nan ne aka yi yanka na farko, bayan fiye da minti uku na ɗauka guda.

Masu yabon wannan mabuɗi sukan tsaya ga wahalar ɗaukarsa, kamar dai tsawon ne abin burgewa. Ni kuwa ina ganin rashin yankan hujja ce. Yanka yana ba darakta damar satar lokaci, ya tsawaita ko ya gajarta, kuma mai kallo ya san da haka. Da Welles ya ƙi yankawa, sai lokacin bam da lokacin mai kallo suka zama ɗaya, ba inda za a ɓoye daƙiƙa guda. Kamfanin Universal bai ga haka ba. Ya ɗora jerin sunayen 'yan wasa a kan hoton, ya kuma rufe shi da kiɗan Henry Mancini. Za a dawo kan wannan.

5.0 Shekarar 1960

Finafinai biyu da suka fito a 1960, 'yan watanni tsakaninsu, su suka tura mai kallo daga bakin taga zuwa cikin ɗaki. A Ingila Michael Powell ya buɗe Peeping Tom da hoton titi kamar yadda ake ganinsa ta mahangin wata kyamara da aka ɓoye cikin kwat, har da layukan saiti a tsakiya. Mai kyamarar ya bi wata mace har ɗakinta, yana matsowa, fuskarta tana cika allo, tana kururuwa. Kururuwar The Lodger ce ta dawo bayan shekaru 33, amma yanzu ido mai kallonta shi ne idon mai kisa, kuma ta nan kaɗai aka ba ɗan kallo damar gani. 'Yan jaridar Ingila sun yi wa fim ɗin kaca-kaca, martabar Powell a ƙasarsa ba ta farfaɗo ba sai bayan shekaru masu yawa. Ba jini ne ya fusata su ba, don kusan babu shi. Mazaunin da aka ba su ne ba su yafe ba.

Psycho ya bi wata hanyar. Bayan jerin sunaye na layuka masu tsagewa da Saul Bass ya tsara, da kiɗan Bernard Herrmann wanda kayan tsirkiya ne zalla, sai rubutu ya ba da wuri da lokaci kamar rahoton 'yan sanda: Phoenix, Arizona, Juma'a, 11 ga Disamba, ƙarfe 2:43 na rana. Kyamara ta ratsa birni, ta zaɓi taga guda kamar da ka, ta shige. Mabuɗin ya yi alkawarin labarin wata sakatariya da za ta sace dala 40,000 saboda soyayya, kuma fim ɗin ya cika alkawarin har wajen minti arba'in da biyar, sa'an nan ya kashe ta. Wannan yaudara ba za ta yi aiki ba sai ga wanda ya ga farko. A gidajen silima na Amurka a wancan zamani kuwa ana nuna fim ne a jere, mutum ya yanki tikiti ya shiga lokacin da ya ga dama, ya zauna har a zagayo inda ya tarar. Saboda haka Hitchcock ya gindaya wa masu silima sharaɗin kada a bar kowa ya shiga bayan an fara. A nan mabuɗi ya fita daga allo ya taɓa al'adar kallo kanta.

6.0 Daga Baya

Al'adar sa fitowa guda kafin jerin sunaye ta girmi James Bond. Kiss Me Deadly na 1955 ya fara da mace ba takalmi tana gudu a kan kwalta cikin dare, numfashinta yana bin sunayen da suke gangarowa a juye. Amma From Russia with Love na 1963 ne ya mai da ita ƙa'ida ga jerin finafinan Bond: an shaƙe Bond da waya a wani lambu, fitilu suka kama, aka cire fuskar roba, ashe atisaye ne. Wannan ba-zata ce tsantsa, akasin ƙa'idar Hitchcock, kuma ta dace da zamanin da silima take gasa da talabijin wajen kama mai kallo tun daƙiƙar farko.

Bayan an maye gurbin ƙa'idojin Hays da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo a 1968, an sami damar nuna abin da a da ake sakaya shi. Duk da haka mabuɗan da suka yi fice ba su dogara da wannan dama ba. A Jaws na 1975 Steven Spielberg ya sa kyamara a ƙarƙashin ruwa tana kallon ƙafafun mai iyo, kifin bai bayyana ba, amo biyu na kiɗan John Williams suka tsaya a madadinsa, kamar yadda feɗuwa ta tsaya a madadin fuska a M. John Carpenter a Halloween na 1978, wanda ya fi kusa da fim ɗin tsoro amma dabararsa ta nan gidan ce, ya haɗa doguwar ɗaukar Welles da idon mai kisa na Powell, ta amfani da sabuwar na'urar da take ba mai ɗauka damar tafiya da kyamara ba girgiza. An zagaya gida, an ɗauki wuƙa, an hau bene, an yi kisa, sai a ƙarshe aka cire abin rufe fuska aka ga yaro ɗan shekara shida. Zuwa 1996 ƙa'idojin sun zama sanannu har Wes Craven ya buɗe Scream da mai kisa yana yi wa yarinya jarrabawa ta wayar tarho a kan finafinan tsoro, sa'an nan aka kashe Drew Barrymore, wadda ta fi kowa suna a cikin 'yan wasan, kafin a cinye minti goma sha biyar. Yaudarar Psycho ce aka matse ta ta shige cikin mabuɗi.

Akwai guda ɗaya da ya saɓa wa wannan jeri, domin shi rage wa mai kallo sani ya yi ba tare da ya yaudare shi ba. The Conversation na Francis Ford Coppola ya fito a 1974, shekarar da Nixon ya sauka saboda badaƙalar Watergate, ko da yake an rubuta labarin tun kafin badaƙalar. Kyamara tana can saman gini tana kallon dandalin Union Square a San Francisco, tana zuƙo hoton sannu a hankali, ba a san wa ake nema cikin taron ba. Sauti yana zuwa yana kakkaryewa da wani gurnani na na'ura. Sai daga baya ake gane cewa ta makirufon masu satar jin magana ake ji, kuma dukan fim ɗin zai rataya ne a kan jimla guda da aka ji ba daidai ba. Wanda ya tsara wannan sauti shi ne Walter Murch.

Shi ne kuma aka danƙa wa gyaran Touch of Evil. Tun a Disamban 1957, bayan Welles ya ga yadda kamfani ya taɓa fim ɗinsa, ya rubuta musu takarda mai shafi 58 yana roƙon a gyara, ba a biya masa yawancin buƙatunsa ba. Ya rasu a 1985. A 1998 Murch ya bi takardar nan ya sake haɗa fim ɗin. Ya kwashe jerin sunayen daga kan mabuɗin ya mai da su ƙarshe, ya ɗauke kiɗan Mancini, ya sa abin da Welles ya nema tun farko, watau kaɗe-kaɗen da suke fitowa daga ƙofofin mashaya, kowanne yana tashi yana dusashewa yayin da kyamara take wucewa, da kuma rediyon cikin motar kanta. Ta haka ko motar ta fita daga hoto, mai kallo yana jin kusantowarta da nisantarta da kunnensa, yana auna tazarar da take tsakanin bam da amarya.